Tushiya Masomin Dawa: Yadda Za Mu Fara Binciken Salsalar Gidajenmu

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara

  



Gabatarwa

Kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mana nauyin yin magana a kan yadda mutum zai fara binciken asalin gidansu ta hanyar takardun tarihi. Kafin mu shiga ciki, muna so kowa ya yi wa kansa tambayoyi uku a zuci. Shin ka san sunan yanka na kakan mahaifinka, ba laƙabinsa ba? Shin ka san garin da aka ɗauko mahaifiyar kakarka ta wajen uwa? Shin za ka iya nuna wa ɗanka inda gidanku ya fara zama kafin a koma inda yake yanzu? Da yawanmu da muke zaune a birni, idan mun ci tambayar farko, to a ta biyu za mu tsaya. 'Ya'yanmu kuwa, waɗanda aka haifa a Sabon Gari ko Tudun Wada ko Agege, ko ta farkon ma sai an yi sa'a.

Maganarmu ta yau guda ɗaya ce. Binciken asali a gida ake fara shi, a gaban tsofaffi da bakin adaka. Takardun hukuma daga baya suke zuwa, su gaskata abin da aka ji ko su gyara shi. Kuma mu mutanen Kura da Bunkure lokaci ya fi ƙure mana fiye da sauran jama'a, saboda dalilin da za mu ambata yanzu.

Littafin da katafila ta shafe

Kakanninmu ba su rubuta salsala a takarda ba, domin ƙasar da suke takawa ita ce littafinsu. Kukar da ke bakin gona da sunan wanda ya sare dajin ake kiranta. Kufai yana nuna inda gari ya fara zama. Tsohuwar marina tana faɗin gidan da aka gaji rini. Idan yaro ya bi mahaifinsa gona, a hanya zai ji cewa daga tsamiyar nan zuwa burtali na kakansu ne, wancan gefen kuwa rabon ƙanwar kakan ne da aka aurar a gari kaza. Haka ilimin yake tafiya daga baki zuwa baki, ƙasa tana yi masa shaida.

A zamanin gwamnan farko na Jihar Kano, Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, aka kuma fara aikin noman rani daga Kadawa. Kashin farko na shirin an tsara shi a kan hekta 22,000 a ƙasashen Kura, Bunkure da Garun Malam. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Kafin ruwa ya shiga kowane sashe, sai da aka auna gonaki, aka rubuta masu su, katafila ta baje ƙasa, ta tumɓuke itatuwa, aka yi sabon yanka, sannan aka mayar wa manoma filaye bayan an cire wani kaso domin hanyoyin ruwa da tituna.

Babu mai musun alherin da ruwan nan ya kawo. Alkama da tumatir da albasa da shinkafa, da injinan casa na Kura, da hadahadar Kwanar Gafan, da yawa daga cikinmu da kuɗinsu aka yi mana karatu. Amma tsohon littafin nan na ƙasa ya shafe. Kukar ta tafi da sunan mai ita. Abin da ya rage shi ne abin da ke cikin kawunan waɗanda suka ga ƙasar kafin zuwan katafila. Saurayin da yake da shekara 20 a 1971, yau ya haura 70. Duk jana'izar da muka zo gida muka halarta, wani shafi ne muka binne.

Sannan gonar da ake nomawa rani da damina ba a kallonta da idon da ake kallon gonar tudu. Gado nawa ne aka bari ba a raba ba har magada suka mutu suka bar nasu magadan? Gida nawa ne 'yan'uwa suka daina gaisawa saboda an rasa mai tabbatar da cewa wance 'yar wane ce? Rabon gado a shari'a bai yiwuwa sai an san wa ya haifi wa, wa ya riga wa rasuwa. Ashe binciken salsala ba aikin marasa aikin yi ba ne. Haƙƙin marayu da na mata yana rataye da shi, zumunci ma haka.

Mataki na farko: zama da tsofaffi

Ƙa'idar farko ita ce mutum ya fara daga kansa ya yi baya. Ka rubuta sunanka, da na iyayenka, da na kakanninka huɗu, da abin da ka tabbatar game da kowannensu. Inda saninka ya ƙare, nan bincike ya fara. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko wani mashahurin malami ko basarake na da, a ce daga gare shi muka fito, sannan a shiga neman tsanin da zai sauko da shi zuwa gare mu. Mai yin haka ko babu tsani zai sassaƙa.

Daga nan sai a nufi gida da goro da ladabi. Matambayi ba ya ɓata, amma tambaya ma tana da hanya. A zauna da kowane tsoho shi kaɗai, domin a gaban yayansa ƙane ba zai musa ba ko da ya san an yi kuskure. Kada a tsaya ga maza. Gwaggo da inna da kaka su suka fi riƙe lissafin auratayya: wace aka kai ina, wace ta fita ta sake aure, wane yaro ne aka ba wa riƙo, su wa suka sha nono ɗaya. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin yana haramta aure.

Kada a ce wa tsoho, ba mu tarihin gidanmu. Zai ba ka abin da ya saba faɗa a taron suna. A yi masa ƙananan tambayoyi. Wa ya yi maka kaciya, kuma da su wa aka haɗa ku? Gonar wa ke gabas da taku kafin a yi yanka? A wace maƙabarta aka binne mahaifinka? Wace sana'a ake yi a gidan da rani? Wace irin tsaga ke fuskar kakanka? Wane kirari maroƙa suke yi wa gidanku? Su wa kuke wasa da su? Tsaga da kirari da abokan wasa sukan nuna asalin da baki ya manta. Idan tsohon ya yarda, a ɗauki muryarsa da waya, a faɗi ranar da wurin a farkon ɗaukar. Bayan kwana biyu a koma a sake yin tambayoyin ta wata fuska, domin tsoho yakan kwana yana tunani, gobe ya fito da abin da jiya ya ɓace masa.

Tarkon sunaye

Mu Hausawa ba mu da sunan gida guda da ake gada kamar Turawa. Sunan uba kan tsaya a kan 'ya'yansa, jikoki su ɗauki wani. Da boko ta zo, ɗalibai da yawa sunan garinsu aka rubuta musu, shi ya sa muka san Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Rimi. Saboda haka mutum biyu masu amsa Kura ko Bunkure a ƙarshen sunansu ba lalle ne su haɗa jini ba.

Sai kuma alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin sunan miji, wanda aka yi wa takwara da kaka ana ɓoye sunansa a ce Abba ko Baffa ko Ummi. Ga sunayen rana irin su Ɗanladi, Ɗanjuma, Talatu da Asabe. Ga na yanayin haihuwa: Tanko wanda ya biyo mata, Kande wadda ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye. Ga Garba da Habu a madadin Abubakar, Shehu a madadin Usman. Mutum ɗaya zai iya zama Tanko a gida, Abubakar a takardar alƙali, Garba a rasidin haraji. Wanda bai lura ba sai ya mai da shi mutum uku. Haka kuma kaka da jika masu suna ɗaya sai a haɗe su su zama mutum guda. Maganin wannan shi ne a rubuta dukkan sunayen kowane mutum a wuri ɗaya. Kuma laƙabin kansa shaida ne: in ka ga Tanko, nemi yayyensa mata, in ka ga Gambo, tambayi tagwayen, in ka ga Abba, akwai wani babba mai sunan a sama.

Yadda ake gano shekaru

Tsoho ba zai ce an haife shi a 1938 ba. Zai ce yana tallar fura aka yi abu kaza, ko yana ango aka naɗa wane. Aikinmu shi ne mu riƙe jerin abubuwan da aka tabbatar da shekarunsu, mu auna maganarsa da su. Basasar Kano ta fara a 1893. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, bayan sun fasa Bebeji da ke maƙwabtaka da mu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. An yi babbar yunwa a 1914, an yi annobar marisuwa a 1918. Sarki Abbas ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, Sarki Usman zuwa 1926, Sarki Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sarki Sanusi ya sauka a 1963, a shekarar kuma aka naɗa Sarki Ado Bayero. Sarauniyar Ingila ta zo Kano a 1956. An sami mulkin kai a 1960, an yi canjin hannu a 1972, an yi canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, an kashe Janar Murtala a 1976, an yi rikicin Maitatsine a ƙarshen 1980. Kowane gari kuma yana da nasa: naɗin dagaci, gobarar kasuwa, shekarar da ruwan kanal ya iso.

Takardun malamai da na alƙalai da shekarar hijira suke. Hanya mai sauƙi ita ce a raba shekarar da 33, a cire abin da aka samu daga cikinta, a ƙara 622. Misali 1391, in an raba da 33 za a sami kusan 42. A cire, saura 1349. A ƙara 622, ya zama 1971. Lissafin yakan kauce da shekara ɗaya, amma ya isa a fara da shi.

Akwai kuma ma'aunin da ke kama salsalar da ta yi tsalle. Tsakanin haihuwar uba da ta ɗa, a daidaice, akan sami kimanin shekara 30. Wanda aka haifa a 1960, idan ya ce kakansa na sama ya halarci jihadin da aka fara a 1804, to tsakaninsu ya kamata a ƙirga mutum biyar ko fiye. In sunaye uku kawai aka ba shi, wasu sun zube a hanya.

Mataki na biyu: adaka da gafaka

Kusan kowane tsohon gida yana da adaka ko tukunya ko gafakar da ba a buɗewa. A nemi izinin mai gida a buɗe ta a gaban shaidu. Abubuwan da za a duba sun haɗa da rasidin haraji da na jangali, takardar cinikin gona ko jingina, takardar rabon gado mai hatimin alƙali, wasiƙun ajami, fasfon aikin hajji, katin jam'iyyar NEPU ko NPC, takardar sallama ta waɗanda suka je yaƙin Bama, da takardar da aka ba mai gona lokacin sabon yanka. A gidan malamai a duba bangon littattafai da gefen shafuka, domin nan suka saba rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da ranar rasuwar manya. Tsofaffin hotuna a kai wa mai gane fuskokin tun yana gani, a rubuta sunayen a baya da fensir.

Takardar da aka samu a ɗauki hotonta nan take, gaba da baya. Kada a liƙe yagaggiya da salatif, kada kuma a kai ta inji a manne ta da leda, domin zafi da danƙo suna cin tawada. A shimfiɗa ta cikin farar takarda, a ajiye inda gara da laima ba sa kaiwa. Kuma kada ɗan birni ya sa ta a jaka ya tafi da ita. Ta gida ce, hoton ya ishe shi.

Mataki na uku: dagaci, kotu, makaranta da hukumar ruwa

Har zuwa 1979, lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji a Jihar Kano, kowace shekara akan rubuta mazajen da suka isa biya, unguwa-unguwa, gida-gida. Idan an dace da tsohon littafin haraji a gidan dagaci ko ofishin hakimi, zai nuna wanda yake mai gida a shekara kaza da mazajen da ke ƙarƙashinsa. Shekarar da sunan saurayi ya fara bayyana tana nuna lokacin balagarsa, shekarar da sunan dattijo ya ɓace tana nuna rasuwa ko ƙaura. Illarsa ita ce babu mata a ciki, kuma an san mutane kan ɓoye 'ya'yansu don gudun biya.

Takardar da ta fi kowace daraja ga mai wannan bincike ita ce ta shari'ar gado, domin dole alƙali ya lissafa magada duka, matan aure da 'ya'ya maza da mata, da rabon kowa. Shafi ɗaya na irin wannan yakan ba da abin da hirar wata guda ba ta bayar ba. Rajistar shiga makarantar firamare ita ma tana ɗauke da sunan yaro da na uba da unguwa da shekara. Game da gonakin noman rani kuwa, a nemi taswirar sashen da jerin sunayen waɗanda aka bai wa filaye a wurin Hukumar Haɗeja da Jama'are da ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, sannan a gwada da abin da tsofaffi suka faɗa.

A nan sai a kiyaye abu ɗaya: takarda tana bin hukumar da ta rubuta ta, ba iyakar yau ba. Garun Malam daga Kura aka cire ta, Bunkure kuwa a da ƙarƙashin Rano take. A 2019 an sanya Kura da Bunkure cikin masarautar Rano, a 2024 aka sake tsari, Kura ta koma Kano, Bunkure ta zauna a Rano. Wanda yake neman tsohon labarin ƙauyensu na ƙasar Bunkure, da sunan gundumar Rano zai fara nema.

Mataki na huɗu: Kano da Kaduna

Kafin 1967 Kano lardi ne a ƙarƙashin Jihar Arewa mai hedikwata a Kaduna. Wannan ya sa takardun Razdan da na Di'o-Di'o suke Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda na Lardin Kano suke ɗauke da alamar KANOPROF. Tun da aka karkasa masarautar Kano gunduma-gunduma a wajen 1907 zuwa 1908, aka umarci hakimai su bar birni su zauna a ƙasashensu, Turawa suka riƙa zagayawa suna rubuta rahoton ƙiyasin haraji da littafin gunduma. A cikinsu akan sami labarin kafuwar garuruwa, jerin dagatai, ƙabilu, sana'o'i da kasuwanni. A Kaduna kuma akwai Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha a Gidan Ɗan Hausa, da ɗakin karatu na Jami'ar Bayero, inda ake ajiye kundayen ɗalibai, da yawansu a kan tarihin garuruwa.

Masana sun riga sun share mana hanya. Allan Christelow ya buga zaɓaɓɓun shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 a shekarar 1994, kuma sunayen talakawa ne cike a ciki, masu ƙarar gona da gado da neman 'yanci. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975 a kan rini da cinikin baƙin tufafi a ƙasar Kano, sana'ar da ta kai sunan ɗan Kura har Agadas. Duk wanda gidansu marina ne ko mabuga, ya nemi wannan aiki.

Sai dai kada a tafi da dogon buri. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, labarin sarakuna ne daga Bagauda, ba na manoma ba. A Ingila tun ƙidayar 1841 ake rubuta sunan kowane mutum a gidansa, ana buɗe takardun bayan shekara 100, shi ya sa Bature zai zauna gaban kwamfuta ya gano kakanninsa. Mu ba mu da irin wannan, saboda haka shafukan intanet masu alƙawarin fito maka da asalinka ba za su san kakanka ba. Gwajin jini na zamani ma yanki yake nunawa, ba ya faɗin suna. Abin da Kaduna za ta ba ka shi ne zamanin da kakanka ya rayu a ciki: wa ke dagaci, nawa ne haraji, yaushe aka yi ƙaura. Mai zuwa ya tafi da takardar gabatarwa daga ƙungiya da katin shaida, ya rubuta lambar kowane fayil da ya karanta, ya nemi mai karanta Larabci da ajami, ya kuma tuna cewa Bature yakan rubuta Muhammadu ta hanya uku a shafi ɗaya.

Waɗanda suka tafi da waɗanda suka zo

Reshen da ya ɓace a salsala sau da yawa tafiya ya yi. Wasu fatauci ya kai su Gwanja, suka zauna a zangon Salaga ko Kumasi. Alhassan Ɗantata kansa, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ta wannan hanyar goro ya bi. Wasu sun tafi hajji a ƙasa suka tsaya a Sudan, suna aiki a gonakin auduga na Jazira, wani babban shirin noman rani da aka buɗe a 1925, zuri'arsu na can har yau. Idan tsohuwa ta ce wane ya yi gabas bai dawo ba, a rubuta, domin wata rana alhaji zai haɗu da jikansa.

Haka nan akwai waɗanda ruwan Tiga ya tashe su daga garuruwansu, da 'yan ci-rani da noman rani ya jawo suka zauna, suka yi aure a cikinmu. 'Ya'yansu 'ya'yanmu ne. Littafin da ya bar su a waje bai cika ba.

Gaskiya da amana

Mai tona asali ya shirya wa abin da zai tarar. Wani zai tarar kakansa Bamaguje ne da ya musulunta a zamanin Sardauna. Wani zai tarar an kawo kakarsa ne a matsayin baiwa, domin bauta ta daɗe a ƙasar nan: dokar Turawa ta 'yanta waɗanda aka haifa daga Afrilun 1901 ne kawai, ba a soke bautar ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Wani zai tarar sarautar da ake faɗa a gidansu ba ta wuce mai unguwa ba. Babu abin kunya a ko ɗaya. Wanda ya yi murgu ya fanshi kansa da guminsa ya cancanci jikokinsa su san sunansa.

Abin kunya shi ne ƙirƙira. A 1976 wani Ba'amurke baƙar fata, Alex Haley, ya buga littafin Roots, inda ya ce ya gano ƙauyen kakansa a Gambiya. Littafin ya zaburar da miliyoyin mutane, amma daga baya masana suka nuna cewa labarin da aka ba shi a ƙauyen bai dace da takardu ba. Darasin shi ne, mai ba da labari yakan karanci fuskar mai tambaya ya ba shi abin da yake so. Maroƙi ba zai ce kakanka matsoraci ne ba.

Saboda haka kowace magana da za a rubuta a haɗa ta da abu uku: wa ya faɗa, yaushe, a ina, ko wace takarda ce, tana hannun wa. Abin da majiya biyu da ba su haɗa baki ba suka tabbatar, a rubuta tabbas. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, a rubuta an ce. Inda aka saɓa, a rubuta duka biyun, kada a zaɓi mai daɗi. Inda ba a sani ba a bar gurbin fari, na baya su cike. Kuma ba duk abin da aka ji ake bazawa ba. Sirrin da tsohuwa ta faɗa maka don ta yarda da kai amana ne. Wanda ya shiga wannan aiki don ya goranta wa wani asali, ko don ya tayar da rigimar gonar da aka riga aka sasanta, gara ya bari.

Shawarwari ga ƙungiya

Muna roƙon wannan taro ya duba abu uku. Na farko, kowane ɗan ƙungiya ya ɗauki alƙawarin zama da tsoho ɗaya, namiji ko mace, a zuwansa gida na sallah mai zuwa, ya tafi da 'ya'yansa su ji da kunnensu. Na biyu, a kafa ƙaramin kwamiti, da malamin tarihi da mai karanta ajami da wakilin iyayen ƙasa da wakiliyar mata, su zagaya da dattawan kowane gari a rubuta sunayen kufai da maƙabartu da marinai da fadamu kamar yadda suke kafin sabon yanka. Na uku, duk gidan da ya kammala nasa ya yi kwafi uku: ɗaya wurin babban gida, ɗaya wurin na birni, ɗaya a ajiyar ƙungiya. Wannan aiki ba ya bukatar miliyoyin da gina aji ko haƙa rijiyar burtsatse ke ci. Littafin rubutu ne da biro da kuɗin mota da haƙuri.

Kammalawa

Iyayenmu da 'yan'uwa, Kaduna za ta jira mu, fayil ɗin da ya shekara 100 a kan kanta zai ƙara wata shekarar. Tsohuwar da ke zaune a ɗaki a Kura ko Bunkure, wadda ta san sunan kowa da uwar kowa, ita ce ba ta da tabbacin jira. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafa ba ta zuwa inda ba ta sani ba. Mu fara da ita, sauran matakan za su biyo baya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa iyayenmu da suka rage lafiya da nisan kwana, ya albarkaci ruwanmu da gonakinmu, ya haɗa kan zuri'armu, ya mai da kowa gidansa lafiya.